Ɗaki Biyu da Falo a Harlem: Kundin Cinikin Gidanmu

Lahadi, 21 ga Janairu, 2024

Mun tsai da magana ni da Maigida: bana za mu bar haya, in Allah ya yarda. Inda muke a Bronx, cikin birnin New York, ɗaki ɗaya ne da falo, 'yan matanmu biyu sun tasa, har yau a falo ake yi musu shimfiɗa. Babbar ta kai lokacin da take bukatar ƙofar da za ta rufe.

Akwai kuma abin da bai bar zuciyata ba tun 9 ga Janairun 2022, ranar da gobara ta tashi a benen Twin Parks, nan Bronx, ta ci rai 17, takwas daga ciki yara, akasarinsu 'yan Gambiya. Hitar lantarki ce ta tada wutar, hayaƙi kuma ya cika benen domin ƙofofin da ya kamata su rufe da kansu ba su rufe ba. Duk wanda ya taɓa haya a garin nan ya san abin da ke sa uwa ta kunna hita cikin dare. Ina so mu zauna inda in tukunyar ɗumama gida ta tsaya, muna da bakin magana a kan gyaranta.

Ƙarfinmu bai kai gida mai zaman kansa ba, bai kai kwando ba, wato ɗakunan bene da mutum ke saya su zama mallakarsa kai tsaye. Abin da ya rage shi ne ko'op, wato gidan haɗin gwiwa, kuma a Manhattan, yankin da unguwar Harlem take, yawancin gidajen bene da ake sayarwa irinsa ne. A ko'op ba ɗakin kake saya ba. Ginin gaba ɗaya na kamfani ne, mazauna ginin su ne masu kamfanin. Kai hannun jari za ka saya, a haɗa maka da takardar da ta ba ka ikon zama a ɗakin da aka ɗaura wa hannun jarin. Kowane wata kuma za ka biya kuɗin kula da gida, wanda daga cikinsa ake biyan haraji, ruwa, man ɗumama gida, inshora da albashin supa, wato ma'aikacin da ke kula da gyare-gyaren ginin. Babban abin shi ne, ko ka zo da kuɗi a hannu, sai kwamitin mazauna ya yarda da kai kafin a sayar maka.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Makon lissafi. Abin da muka tara tun zuwanmu, da kwasar adashena da ke tafe, da kuɗin filin da Maigida ya sa aka sayar a Kano. Filin nan ya ba ni tausayi. Naira ta sake faɗuwa a ƙarshen Janairu, dala ɗaya ta doshi 1,500, sai kuɗin da a gida za a kira shi dukiya ya iso nan bai fi cikin tafin hannu ba. Duka-duka muna da kusan dala 130,000.

Sauran sai bashi, nan kuma maganar riba ta tsaya mana a wuya. Mun tuntuɓi kamfanonin da ke ba da kuɗin gida bisa tsarin Musulunci, waɗanda muka samu suka ce ba sa shiga ko'op, domin tsarinsu ya ginu a kan su mallaki wani kaso na gidan tare da kai, kwamitin ko'op kuwa mutumin da zai kwana a ɗakin yake so ya gani a takarda. Maigida ya je wajen Malam bayan Isha'i. Ya ce masa, "Allah gafarta Malam, mu zauna a haya har mutuwa, ko akwai mafita?" Malam bai rufe mu ba. Ya ce malamai sun saɓa: a 1999 Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta sassauta wa Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba na Musulmi ba, in gidan zama ne ba na kasuwanci ba, kuma babu wata hanya, wasu malamai da yawa ba su yarda da wannan ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Ya ce mu yi istihara.

Ba fatawa nake ba kowa ba. Mu dai mun yanke cewa za mu ci bashin da ya fi ƙanƙanta da za mu iya, mu biya shi da gaggawa. Raina bai kwanta sarai ba, kuma ba na so ya kwanta har sai mun sauke shi.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Yau mun ga gidan da ya shiga ranmu. Hawa na huɗu ne a wani bene mai hawa biyar, babu lif, 'yar tafiya kaɗan daga Titi na 116. Ɗakuna biyu da falo, rufi mai tsawo irin na ginin farkon ƙarni na 20, daɓen katako da ya sha tafiya amma bai ruɓe ba. Kicin ɗin tsoho ne, banɗakin ma haka. Tagogin falo na kallon kudu, rana ta shigo har tsakar ɗaki duk da sanyin da ake yi. Kafin in dubi komai sai da na saki ƙofar shiga in ga ko za ta rufe da kanta. Ta rufe. Ta matakala ma ta rufe.

Unguwar ba baƙuwarmu ba ce. Shekaru muna hawo jirgi mai lamba 2 daga Bronx mu sauka a 116 don cefane. Masallacin Malcolm Shabazz mai koren ƙubba yana nan a kusurwa, a wurin da Malcolm X ya yi wa'azi a zamaninsa. Kasuwar 'yan Afirka tana gefensa, wadda aka buɗe a 1994 bayan an tashi masu kasa kaya daga Titi na 125. Daga nan zuwa yamma Wolof za ka ji, da Fulatanci, da Faransanci, jefi-jefi Hausa da Zabarmanci. Akwai mahauta na halal, akwai manja da daddawa da busasshen kifi. In ka yi arewa kaɗan ga lambun Marcus Garvey da jerin gidajen jan dutse na Mount Morris, waɗanda hukuma ta sa cikin wuraren tarihi tun 1971. Unguwa ce mai hayaniya, ba na musu. Da rani ganguna da kiɗan motoci ba sa barin dare ya yi shiru. Ni dai na fi son hayaniyar da na san masu ita.

Ana neman dala 310,000. A Harlem ɗaki biyu a wannan kuɗin sai dai HDFC, kuma wannan ɗin shi ne. Ko'op ne na masu ƙaramin ƙarfi, akwai iyakar abin da iyali za su riƙa samu a shekara, in kun haura ba za a sayar muku ba. Dillaliyar ta duba takardun harajinmu ta ce muna ƙasa da iyakar.

Talata, 5 ga Maris

Mun taya 285,000, aka ce albarka. Muka ƙara, suka sauko, aka sallama a 295,000. A New York sallamawa da baki ba ta ɗaure kowa. Har sai ɓangarorin biyu sun sa hannu a kwantiragi, mai gida na iya karɓar tayin wani. Mun ɗauki lauya da ta saba da HDFC, domin ba kowane lauya ne ya san sirrinsu ba, haka ma ba kowane banki ne ke ba da bashi a kansu ba. Wata ƙungiyar adashi da lamuni ce ta yarda ta ba mu 175,000.

Alhamis, 21 ga Maris

Azumi ya yi kwana goma sha ɗaya. Lauya ta je ofishin masu kula da ginin ta karanta bayanan tarukan kwamiti na shekarun baya, ta kuma turo mana rahoton kuɗin kamfanin. Bayan asham nake zama in bi su layi-layi. Duk mai shirin sayen ko'op, ina roƙonsa kada ya tsallake wannan. Fenti da tayil ba su ne gidan ba. In ginin na da bashin ruwa, bashinka ne. In rufi ya tsage, aljihunka ne.

Ga abin da muka samu. An canja tukunyar ɗumama gida ba da daɗewa ba, wannan ya faranta min rai ƙwarai. Ba a bin ginin harajin birni ko kuɗin ruwa. Amma rufin sama ya tsufa, asusun ajiya bai da kauri, kuma gidaje uku cikin ashirin suna da bashin kuɗin wata. Ke nan nan gaba kaɗan za a yanka wa kowa ƙarin kuɗi na musamman don rufin. Kuɗin wata yanzu dala 780 ne. Lauya ta kuma ja hankalinmu cewa rangwamen harajin da yawancin gidajen HDFC ke ci zai ƙare a 2029, in ba a sabunta ba kuɗin wata zai tashi. In kuma wata rana muka sayar, kashi 30 cikin 100 na ribar na kamfanin ne. Maigida ya ɗan yi jim da ya ji haka. Ni ban ga aibunsa ba, domin da irin wannan kuɗin ake gyara rufin da muke magana.

Cikin takardun ne na ga tarihin ginin, ya kuma tsaya min a rai. A shekarun 1970 birnin New York ya kusa tsiyacewa. Masu gidajen haya a Harlem da Bronx suka daina biyan haraji, suka daina sayen mai, wasu suka gudu, wasu gine-ginen aka cinna musu wuta don kuɗin inshora. Birni ya ƙwace dubban gine-gine, ya rasa yadda zai yi da su. A wasu, 'yan hayar da aka bari cikin sanyi suka haɗa kai, suka riƙa tara kuɗin hayar da kansu, suna sayen mai, suna toshe yoyo. Daga baya birni ya sayar musu da ɗakunansu, kowanne dala 250. Yau irin waɗannan gine-gine sun haura 1,000 a birnin. Namu na cikinsu.

Ba nan tarihin ya fara ba. A 1928 aka buɗe gidajen Dunbar a Titi na 149 zuwa 150, da kuɗin John D. Rockefeller ƙarami, babban ko'op na farko da aka gina don baƙar fata. Marubucin nan ɗan gwagwarmaya W.E.B. Du Bois ya zauna a ciki, mawaƙi Paul Robeson ma. Karayar tattalin arziki ta zo, mutane suka kasa biya, a 1936 ya koma gidan haya. Wanda attajiri ya gina musu bai kai shekara goma ba. Waɗanda talakawa suka ceto da hannunsu suna nan tsaye shekara arba'in.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda abin ya koma yanzu. Ana so samunka na shekara ya zama kaɗan, amma kuɗin hannunka ya zama mai yawa, wasu gine-ginen ma ba sa karɓar mai bashi ko kaɗan. Wa ke da ƙaramin albashi da dala 300,000 a ajiye? Ɗan masu kuɗin da iyayensa za su rubuta masa cek. Direban bas da mai aikin jinyar da aka yi gidajen dominsu sukan tsaya a bakin ƙofa. Mu ma da ba don fili da adashe ba, da a nan za mu tsaya.

Litinin, 1 ga Afrilu

Mun sa hannu a kwantiragi. Kafin alƙalami kashi 10 cikin 100, dala 29,500, ya tafi asusun amana na lauyan mai sayarwa. In kwamiti ya ƙi mu ba da laifinmu ba, za a dawo mana da shi. An kuma ba mu takardar gargaɗi kan fentin dalma, wadda doka ta wajabta ga duk ginin da ya girmi 1978.

Asabar, 27 ga Afrilu

Sallah ta wuce, mun shiga haɗa kundin kwamiti. Ban taɓa buɗe rayuwata ga baƙi haka ba. Takardun haraji na shekara biyu, bayanan kowane asusun banki, takardar wurin aiki, takarda daga mai gidan hayarmu cewa ba mu taɓa makara ba, wasiƙun shaida daga abokan aiki da maƙwabta, da jadawalin duk abin da muka mallaka da duk abin da ake bin mu.

Maigida tasi yake ja, shi ke biyan harajin kansa. Bayan an cire mai da inshora da gyara, abin da ya rage a takarda ya taimake mu wajen iyakar HDFC, amma ya sa masu ba da bashi suka yi ta juya fayil ɗin. Albashina na asibiti ne ya riƙe lissafin.

Wahalar gaske adashe ce. Tsarin nan bai san amanar da mata goma sha biyu suka riƙe shekara da shekaru ba rubutu ba. Kuɗi ya shiga asusu, dole ka nuna daga ina. Uwar adashenmu ta zauna da ni muka rubuta sunayen masu zubi da ranakun zubi, na haɗa da shaidar duk abin da na tura ta manhajar tura kuɗi ta Zelle. Na ce mata, "Hajiya, na ɗora miki nauyi." Ta ce ba komai, gobe wata ce za ta bukata, gara a fara rubutawa tun yanzu. Kuɗin fili ma sai da aka aiko takardar ciniki daga Kano, aka fassara, aka buga hatimi.

'Yan'uwa masu zubi da tsabar kuɗi, ku kula. In ka kai banki sama da dala 10,000 a dunƙule, banki zai cike takarda ya sanar da hukuma, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana don kauce wa takardar. Ku kai shi yadda yake, ku faɗi gaskiyar inda ya fito.

Yayan Maigida ya ƙara mana 10,000 don kuɗin rufe ciniki. Aka ce sai ya sa hannu cewa kyauta ce, ba rance ba. Maigida ya kira shi ya ce, "Yaya, in rance ne ka faɗa mini, ba zan sa ka rubuta abin da ba haka ba." Ya ce ya bar wa yara, duniya da lahira.

Laraba, 22 ga Mayu

Kundin yana hannunsu, shiru. Mutanen kwamiti ba albashi ake ba su ba, bayan sun taso aiki suke karantawa, na san da haka. Amma zaman jiran yana da nauyi, domin kwamitin ko'op na iya ƙin ka ba tare da ya faɗi dalili ba. Doka ta hana a ƙi mutum don launinsa, addininsa, ƙasarsa ko don yana da yara, tun dokar tarayya ta 1968 da gyare-gyarenta da dokokin birnin. To amma in ba a faɗi dalili ba, ta yaya mai hijabi za ta san ko lissafinta ne bai yi ba ko hijabin ne? A ganina ya kamata a tilasta wa kowane kwamiti ya rubuta dalilinsa. Wanda ya yi adalci ba abin da zai rasa.

Alhamis, 6 ga Yuni

An kira mu ganawa. A ɗakin ƙasa aka yi, kusa da injinan wanki, mutum biyar a kan kujerun roba. Dillaliya ta riga ta gargaɗe mu: ku amsa abin da aka tambaya, kada ku kawo zancen fasa bango ko sabon kicin.

Shugabar dattijuwa ce baƙar Ba'amurkiya, tana cikin waɗanda suka sayi ɗakinsu dala 250. Ba ta buɗe kundin ba ma, ma'aji ne ya yi tambayoyin kuɗi, ya gama cikin ɗan lokaci. Ita abin da ta tambaya daban ne. Za mu riƙa zuwa taro? In supa ba shi da lafiya, Maigida zai iya fitar da shara ko kwashe ƙanƙara a bakin ƙofa? In aka yanka kuɗin rufi, za mu biya ba sai an bi mu ba? Ta ba mu labarin wani hunturu da suka yi babu mai, suna zagayawa ƙofa-ƙofa da gwangwani ana jefa abin da ya samu, ita da wasu mata suna kwana a matakala bi da bi don kada a shigo a sace bututun ginin. Ta ce mutanen da za su riƙe gidan bayan ba ta take nema.

Sai aka zo maganar baƙi. A ƙa'idarsu baƙo ba ya wuce wata ɗaya sai da izinin kwamiti, kuma ba a barin baƙo a gida masu gida ba sa nan. Wannan ya taɓa mu, domin a wurinmu ɗan'uwa ya sauka a filin jirgin JFK ba ka tambayarsa ranar tafiya. Na ce mata, "Mama, mahaifiyata takan zo ta yi wata uku, ba zan ɓoye miki ba." Ta ce in rubuto kafin ta zo, ba a taɓa hana uwa ba. Abin da suke gudu shi ne a mai da ɗaki masaukin haya. Na ga gaskiyarsu, ko da yake na san akwai ranar da za mu ba wani ɗan'uwa haƙuri, kuma ba zai ji daɗi ba.

Talata, 11 ga Yuni

Sun amince. Alhamdu lillahi. Saƙon layi biyu ne. Na kira Maigida yana kan hanya da fasinja, ya ce in bari ya sauke shi tukuna, muryarsa na rawa.

Laraba, 10 ga Yuli

An rufe ciniki. Da safe muka zaga gidan karo na ƙarshe, muka kunna kowane famfo da kowane kan murhu. Da rana aka haɗu a ofishin masu kula da ginin: mu, mai sayarwa, lauyoyi uku, da wakilin kamfanin. Aka soke tsohuwar takardar hannun jari, aka buga sabuwa da sunayenmu biyu. Mun riƙe ta na ɗan lokaci kawai, domin ita da takardar ikon zama suna wajen masu bashi har ranar da muka gama biya. Akwai kuma yarjejeniyar da mu da kamfanin da masu bashi muka sa wa hannu, cewa in muka daina biyan kuɗin wata kamfanin zai sanar da su.

Sauƙi ɗaya na ko'op: tunda hannun jari ne ba ƙasa ba, ba mu biya harajin rajistar jinginar gida ba, wanda mai sayen kwando ke biya kusan kashi 2 cikin 100 na bashinsa. Lauya, binciken basussuka, kuɗin ofis da na ƙaura ne suka ci abin da Yaya ya bayar. Mai sayarwar ɗan wadda ta rasu ta bar ɗakin ne, a nan aka haife shi. Da zai miƙa makullai ya nuna mana wanda ke buɗe akwatin wasiƙa, ya ce sai an ɗan ɗaga shi sama.

Asabar, 20 ga Yuli

Ba mu tare ba tukuna. Ƙaura sai ranar aiki, tsakanin tara na safe da biyar na yamma, kuma sai kamfanin ɗaukar kaya ya kawo shaidar inshora. An ba mu Talata, 30 ga wata. Kafin nan mai gwajin dalma zai zo ya duba tagogi da ƙofofi, sai a yi fenti. Supa ya ce zai ɗaura ƙarafan taga ranar Litinin, domin ƙaramar shekararta takwas, doka kuma ta wajabta su a duk gidan bene irin wannan da ke da yaro ɗan shekara goma ko ƙasa. Ƙa'idar ginin ta ce a rufe kashi 80 cikin 100 na daɓe da darduma saboda na ƙasa, gobe za mu auna ɗakunan. Kicin zai jira sai baɗi, shi ma sai kwamiti ya sa hannu.

Takardar taron masu hannun jari ta riga mu isa, an turo ta ƙarƙashin ƙofa. A watan Satumba za a yi, abu na farko a jerin shi ne rufi, an karɓi farashi daga 'yan kwangila uku. Ma'aji ya ce suna neman wanda zai taya shi bin lissafin, na ce ya sa sunana.